Ƙarfen da Ya Cinye Motar Yayana

Yayana yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai gero kasuwar Isa da ita, kuma ya fi tattalinta fiye da iyalinsa. Cikin injinta akwai wani ɗan faifai mai haƙora, na roba, da kan gutsure in mota ta sha wuya cikin yashi. Sau uku yana sa mu dawo gida da ƙafa daga hanyar Burkusuma.

Tsohon makanikenmu ya ce masa, "Alhaji, da gangan aka yi shi da roba, don in abu ya cije shi ya mutu, injin ya tsira."

Yayana, wanda iliminsa na injiniya bai wuce zaman benci a bakin gareji ba, ya ce maƙeran motar ba su taɓa ganin yashin Gobir ba. "Za ni Isa a sassaƙa mini na ƙarfe."

Aka yanko masa daga jikin wata matacciyar tirela. Sati guda yana nuna shi a majalisa kafin a ɗaura.

Ranar kasuwa, daf da Gangara, abu ya cije. Faifan ya tsaya daram, ya tauna duk maƙwabtansa, injin ya yi tari ɗaya ya yi shiru.

Yanzu kaji ke ƙwai a kujerar direba. Faifan kuwa innarmu ke danne murfin tukunya da shi. Duk baƙon da ya zo, yayana sai ya ɗauko shi ya ce, "Duba, ko ƙwarzane bai yi ba."