Baba Kansila da hoton da na guje wa

Ko shayi ban kurɓa ba da safen nan waya ta shigo. Habibu ne, babban ɗan Malam Sale, wanda duk Panshekara ke kira Baba Kansila. Ya ce, "Yaya Nasiru, Baba ya cika bayan asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ƙurar ma ban wanke daga ƙafata ba. Na san wasunku za su ce ina ruwan kansila mai ci da yabon mutumin ɗaya ɓangaren. Ku karanta tukuna, sannan ku ce abin da za ku ce.

Yaran yanzu ba su san shi ba sai a kan benci a ƙofar gida, da rediyo a cinya. To mutumin nan ya riƙe kujerar da nake kai yau tun zamanin ƙato bayan ƙato, lokacin da ake tsayawa a rana a bayan ɗan takara a ƙirga mutane ido da ido. Majalisarsu jam'iyya biyu ce a ciki. Yakan ce ciyaman daga ɗaya jam'iyyar yake, su kuma kansilolin sun rabu kusan biyu.

"Mu yi ta faɗa kamar za mu daku," in ji shi, "in an tashi mu cusu a mota ɗaya mu dawo gida, don motar ɗaya ce."

Ya ga soja sun rushe su, ya ga kantoma, ya ga zaɓen da babu jam'iyya, ya ga 'yan riƙo iri-iri, har zuwa mu da duk zauren hula ɗaya muke sawa. Abin da yake tsokanata da shi ke nan. "Ku da wa kuke musu a zauren nan, Nasiru? Da fanka?"

Shi ya goya ni a babur ya kai ni kamfanin fata a Challawa aka ɗauke ni aiki, sashen zuba gishiri. Wanda ya taɓa aikin ya san ko ka yi wanka sau uku warin yana nan. In na tashi daga shif ɗin safe na biyo ta majalisar ƙofar gidansa, sai ka ga mutane suna ɗan ja da baya. Shi kuwa sai ya matsa ya daki bencin da hannu.

"Zauna nan. Warin halal ne."

A zaɓen da na ci, ɗan takarar ɓangarensu na kayar fa. Washegarin rantsar da ni sai ga shi da sandarsa, da biro da takarda, ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake rubuta ƙuduri. Ya ce kada na kuskura na miƙe a zaure da baki kawai, abin da ba a rubuta ba iska ce ke kwashewa. Ya tafi ko ruwa bai tsaya sha ba.

Abu ɗaya ya taɓa roƙona, shi ma ba don kansa ba.

Kun san Layin Baƙi, can bayan kamfanoni. Lokacin da aka yanka iyakar mazaɓu wajen gonar gero ce, ba kowa. Daga baya ma'aikata 'yan Jigawa da 'yan Nijar suka zauna, suka yi gidaje, suka hayayyafa. Duk damina lambatu ya cika, baƙin ruwan kamfanonin ya shiga har ɗakunan kwana. In sun zo wajenmu mu ce ai ku na mazaɓar maƙwabta ne. In sun je can a ce ai ku na Nasiru ne. Ranar zaɓe kuwa kowa nasa ne. Ni ma na faɗa musu haka, ba sau ɗaya ba, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Baba yana da kwafin takardar zaman majalisarsu, mai hatimi, inda aka amince ƙorama ce iyaka, wato layin nan namu ne. Da takardar nan ba wanda zai ƙara tura su wani waje. Na ce ya ba Habibu ya kawo mini ofis, ya ƙi. Ya ce ƙoramar ta cike, gidaje sun hau kanta, sai na zo na zauna ya nuna mini da yatsa inda ta bi.

Ban je ba.

Ba aiki ne ya hana ni ba, kada na yi wa mamaci ƙarya. Tsoro ne. Lokacin fitar da 'yan takara ya matso, kuma a gabana aka ɗauki wani abokin aikinmu hoto a wajen ɗaurin aure yana dariya da ɗan adawa. Kafin magariba hoton ya zaga duk guruf ɗin da ke cikin waya, aka ce antifati yake, yana yi wa jam'iyya zagon ƙasa, sunansa ya fita daga lissafi. Ni kuma ina son komawa kujerata.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati uku ke nan, ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya hango ni ya miƙo hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe."

Daidai nan na ga wani daga cikin mutanenmu ya ɗaga waya.

Wallahi sai na zaro tawa na kara a kunne. Ba wanda ya kira ni. Hannun Baba ya ɗan tsaya a haka, sannan ya kai shi kai ya gyara hularsa, kamar dama abin da ya yi niyya ke nan. Da zai wuce ya rage murya.

"Amsa wayarka, Nasiru. Gidana yana da ƙofar baya, ta wajen turken awaki. Can ba mai ɗaukar hoto."

Har da 'yar dariyarsa. Na ce, "Insha Allahu, Baba, sati mai zuwa."

Yau da muka dawo daga kai shi, Habibu ya ja ni gefe ya ba ni wata ambulan, an rubuta "Na Nasiru" a kai. Takardar ce. A bayan ambulan ɗin Baba ya zana taswira da biro, hannun duk ya karkace: ga masallaci, ga katangar kamfani, ga inda ƙorama ta bi. Ashe da ya ga ba zan zo a nuna mini da yatsa ba, ya zauna ya zana.

Na ce da Habibu ko Baba ya yi fushi da ni. Ya ce a'a. Ya ce tun daga Juma'ar nan, kullum bayan la'asar sai ya hana a sa wa ƙofar baya sakata. In an je rufewa saboda awaki sai ya ce, "Ku bar ta, Nasiru zai zo."

Na zauna a kan bencin nan na yi kuka a gaban mutane, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Da muka ɗauko makara ni ne a gaba, ta dama. Na ga wayoyi a sama. To duk wanda ya ɗauka, don Allah ya turo mini, ba ni da hoto ko ɗaya da shi. Ya kuma tura wa duk wanda ya ga dama. Ranar Litinin zan shiga zaure da takardar nan da ƙuduri a rubuce, yadda ya koya mini. In sunana ya fita daga lissafi, ya fita. Mutanen Layin Baƙi ku yafe mini, ku namu ne tun ranar da kuka zauna a wajen.

Baba, yau ta ƙofar gaba na shigo, amma ba ka nan.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sale, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa waje kamar yadda ya matsa wa mai warin fata a benci. Ka ba Habibu da 'yan uwansa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini hannun da na bari a miƙe.

Duk wanda ya karanta, ko wace hula ce a kansa, ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku sa ni a ciki.