Motar da Na Kasa Sallamawa

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, a Damagaram ba, aka mayar da ni garinmu Tanout mataimakin tafinta a bariki. Cikin shekarun alif ɗari tara da ashirin da wani abu ne, wajen ƙarshensu, amma ba zan rantse da shekarar ba. Ni ne ɗan fari a gidanmu, ni kaɗai kuma aka kai lakwal. Abin da na fi koyo a can, in na duba yanzu, shi ne tsoron kuskure. Ba na sa hannu a takarda sai na karanta na sake karantawa, ba na kuma yin abin da ba a ce mini in yi ba da baki. Nasara suna yabona a kan haka, ni kuma na ɗauka hankali ne. Yanzu da tsufa ya kama ni nake so in ba masu karatun mujallar nan labarin, ko wani zai amfana. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake galibinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Mahaifina mutumin ayari ne tun tasowarsa. Yakan ɗora geron Damargu a raƙuma ya kai Agadas, ya dawo da gishiri da dabino. A shekarun da soja suka yi ta kwashe raƙuman mutane aka tafi da nasa, ko ɗaya bai dawo ba. Daga nan ya koma noma, yana yi dai ba don yana so ba. Duk kaka in ayari ya taru a bayan gari, sai ya sami abin da zai kai shi gona mai nisa ya wuni can. Da yake ni ɗan fari ne, tsakanina da shi akwai kunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunana ba, ba ma cin abinci tare, in kuma yana da magana da ni sai ta biyo ta bakin ƙanwarsa, gwaggona, wadda ta yi renona.

Wata shekara da sanyi wani Nasara ya iso Tanout da ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda yaran yanzu ke kira a-kori-kura. Shi ba soja ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Mutum ne mai sha'awar wayar iska, yana yawo yana gwada ko daga ina zai iya jin 'yan'uwansa masu irin wannan sha'awa. A bayan motar an kafe wani akwati da ƙusoshi, mai ƙwayaye kamar na fitila a ciki, da faifai biyu da ake ɗorawa a kunne, da ɗan ƙarfe da yake dannawa. Kwamanda, Nasaran da ke mulkin barikinmu, ya ba da ni aro in riƙa yi masa tafinta. Kullum da yamma mukan ja doguwar waya daga kan gora zuwa bishiyar aduwa, ya zauna yana murɗa maɓallai. Galibi ba a jin kome sai ƙara kamar ta gyare, amma shi yana karanta ta, yana faɗa mini wannan daga ƙasa kaza ne. Ya koya mini kaɗan. Ranar da na fara gane harafi da kunnena, ban iya cin tuwo ba don murna.

Kafin bazara zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, aka ɗauke shi zuwa Damagaram. Da za a tafi da shi ya sa aka tura motar cikin dangar gidanmu, ya kira ni ya ce in kula da ita, in damina ta faɗi bai dawo ba to ta zama tawa, in yi yadda na ga dama da ita. Da baki ya faɗa, yana rawar ɗari, babu kowa a wurin sai kukunsa, shi ma tare suka tafi. Damina ta faɗi, bai dawo ba. Daga baya na ji an ce ya koma ƙasarsu.

Ana cikin noman farko wani attajiri na Belbeji ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Mai fataucin fatu ne zuwa Kano, mutum mai ƙiba da yawan raha. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da sanda kamar mai zaɓen tukunya, sannan ya ce shi ya gaji da tafiyar raƙumi, yana son ƙafa mai sauri kafin kaka. Zai ba ni raƙuma biyar, biyu taguwoyi, in ba shi motar. Da na nuna masa akwatin baya, sai ya yi dariya ya ce shi ba ya sayen aljannu, in cire abina in riƙe, ko in ba mata su zuba daddawa a ciki. Na ce masa ni ban san raƙumi ba, kuma zan yi shawara. Ya ce ai mai sanin raƙumi yana cikin gidan nan, duk Damargu ta san shi. Bayan 'yan kwanaki ya aiko da dabbobin, ya ce su zauna hannun tsoho ya ga cinsu da tafiyarsu, kamar yadda ake yi kafin a ƙulla ciniki.

Ina wurin sa'ad da mahaifina ya fito ya gan su. Bai dube ni ba. Ya gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe bakinsu, ya matsa tozo, ya ɗaga tafin ƙafa ya duba. Ya gaya wa makiyayin da ya kawo su cewa ɗaya daga cikin taguwoyin tana da ciki, abin da shi kansa makiyayin bai sani ba. Tun daga ranar ya bar wa ƙannena gona, shi ke fita da su kiwo nesa da shuka, shi ke ba su kanwa. Na ji yana yi musu magana da wata murya da ban taɓa jin ya yi wa mutum magana da ita ba.

Ni kuwa na shiga tunani. Mai motar nan da zazzaɓi a jikinsa ya yi maganar, to kyauta ce ko amana? In na bayar ya dawo fa? Na tambayi limaminmu, ya ce tunda sharaɗi ya cika tawa ce, amma na ga kamar bai fahimci yadda Nasara suke da kayansu ba, sai ban natsu ba. Abin da ya fi damuna shi ne akwatin. A zamanin nan baƙar fata bai san iyakar abin da aka yarda ya mallaka ba, sai ranar da aka kama shi. In na ba da motar da akwatin, ana iya cewa na miƙa wayar iska ga mutanen da ke hulɗa da arewa, inda Nasara ke zargin akwai masu tawaye. In na cire, ban san wace waya ke zuwa ina ba, ina iya ɓata abin da watakila ba nawa ba ne. Hanya ɗaya ce a fili, in tambayi kwamanda. Na taɓa zuwa har ƙofar biro ɗinsa, wato ofis, da maganar a bakina, ya ɗago kai ya ce mene ne, sai na ji kaina ina tambayarsa batun masu gyaran rijiya. Tsoro nake ji kada ya ce wa ya ba ni izinin saurare tun farko.

Domin kuwa ina saurare, wannan ma ya kamata in faɗa. Da yamma in na taso aiki nakan murɗa motar ta tashi don batir ya sami wuta, in ɗora faifan a kunne in zauna. Abin da nake ganewa bai taka kara ya karya ba, haruffa ne jefi-jefi. Amma a duk ƙasar nan ni kaɗai nake jin su, kuma ina ganin wannan ya shiga cikin dalilan jinkirina fiye da yadda na yarda a lokacin. Gwangwanayen esansi, wato man fetur, da mutumin ya bari kuwa suna ta raguwa.

Duk ranar kasuwa attajirin yakan leƙo. Yakan ce Malam tafinta, yau albarka ce ko sallama? Ni kuma in ce ana nan ana dubawa. Ya ce ya yi ciniki da Larabawa, ya yi da Kanawa, bai taɓa ganin mai kayan da ba ya cewa i ba ya cewa a'a ba, ko haka ake koya mana a lakwal? Muna dariya mu rabu. Ban lura ba cewa tunda cinikinmu a buɗe yake, shi ba zai iya tayar da raƙuman ga wani ba, bai kuma tura su arewa da sauran garkensa ba. Shi ma jira yake, jiran kuma yana ci masa.

Da gero ya fara fitar da kai, mahaifina ya koma zama ƙarƙashin aduwa yana tufka. Ya fito da tsofaffin akumarinsa na ɗora wa raƙumi kaya daga rumbu ya kakkaɓe, ya kai taikunan fata wurin baduku. Wata rana gwaggo ta tare ni a zaure ta tambaye ni ko na ga abin da ubana yake yi. Na ce na gani, igiya yake tufkawa. Ta ce lalle an kai ni lakwal, na iya gane igiya. Na ce mata in yana son a ƙulla cinikin ai sai ya aiko ta ta faɗa mini, ni ba zan ƙi ba. Ta ce a ina na taɓa jin uba ya roƙi ɗan farinsa dukiya? Ko ita ba aiko ta ya yi ba, in ya ji ta zo ma sai ya yi fushi. Na ce zan duba. Har ga Allah na yi niyyar dubawa.

Bayan girbi attajirin ya zo da direba da ya ɗauko daga Kano. Wannan karon bai yi raha ba. Ya ce fatu sun taru, hanya ta bushe, yau yake son magana ɗaya. Mahaifina yana can gefe ya ba mu baya, yana shafa wuyan taguwar nan mai ciki. Na san yana ji. Na buɗe baki, ina jin da niyyar sallamawa, sai na ji na ce ya ƙara mini zuwa kasuwa mai zuwa in ga kwamanda. Ya ce madalla, Allah ya kai mu. Ya yi wa tsoho sallama da girmamawa ya tafi. Da na fi haka sanin mutane da na gane cinikin ya mutu a nan.

Kafin kasuwar ta zo ya aiko makiyayinsa don ya karɓi raƙuman, ya ce a gaya mini ya sami mota a Kano. A makon nan ne ayari yake taruwa a bayan gari. Sai a ranar na ji daga bakin gwaggo cewa mahaifina ya riga ya yi magana da madugu, an ba shi wuri a layi, har maƙwabta sun kawo masa geronsu ya kai musu. Bai yarda makiyayin ya ja dabbobin a gaban mutane ba. Ya ce shi aka damƙa wa, shi zai mayar. Ya ja su da kansa har Belbeji, tafiyar kwanaki, ya dawo da ƙafa. Da ya dawo ya bi gida-gida yana mayar wa mutane geronsu a ka, ya hana ƙannena su taya shi. Nasa kuma ya sayar wa waɗanda za su tafi. Na gaishe shi da safe ya amsa kamar kullum.

Can cikin rani kwamanda ya biyo ta unguwarmu a kan doki, ya hango motar ta kan danga, awaki suna hawa. Ya tambaye ni me ya sa ban sayar ba. Na fara kame-kame, sai ya ce ai mutumin ya gaya masa tun kafin a tafi da shi cewa ya bar mini. Akwatin kuwa in kai bariki a ajiye, shi ke nan. Maganar ba ta ɗauki lokacin shan ruwa ba. A sa'an nan tayoyin sun tsattsage da rana, esansi ya ƙare, batir ya mutu. Na nemi mai saye ban samu ba. Daga ƙarshe maƙera ne suka yi ta yankar ƙarfenta suna ƙera hauya. Mahaifina ya ƙara 'yan shekaru a duniya, bai sake taka hanyar arewa ba.

Na daɗe ina ba kaina uzuri cewa ban ci amana ba, ban karya doka ba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Duk gaskiya ne, amma ban ga abin da ya amfana wa kowa ba. Ban ce gaggawa abu ne mai kyau ba, kuma wataƙila da na sallama wani abin ya faru, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, duk watannin da nake cewa ina dubawa, ni ina zaune a inuwa da faifai a kunne, wasu ne suke biyan kuɗin jirana. Ina jan kunnen matasa, musamman waɗanda suka yi karatu irina: in abu yana hannunku, wani yana jiransa, ku tambayi wanda ya kamata ku tambaya tun da wuri, ku faɗi i ko a'a. Kada kuma ku jira babba ya buɗe baki ya roƙe ku, akwai waɗanda har su mutu ba za su iya ba.

Ni ma yanzu ina da ɗan fari, yana aiki a Yamai, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. In ya zo ganin gida yakan durƙusa ya tambaye ni ko akwai abin da nake bukata. Nakan ce babu, alhamdu lillahi. Shi kuma yakan yarda, ya tashi ya tafi.