Ƙarfen Bawa

A Gusau ta shekarun 1990, direban da ya sayi ƙaramar mota ba ya ɗaukar fasinja sai ya biya ta Tudun Wada, wurin Bawa mai walda. Abin da ya yi suna a kai guda ne: bututun ƙarfe mai kauri da yake liƙa wa mota ta ciki, daga bamba har gindin gilashi, don kada gabanta ya lotse. Ƙarfen Bawa ake ce masa. Daga Bungudu har Tsafe an san shi.

Babban mai tallarsa kuwa Kamilu ne, mijin ƙanwarsa Suwaiba. A daminar 1996 Kamilu ya daki kwalbati kusa da 'Yandoto. Fitila ɗaya kawai motar ta rasa. Shi kuwa ƙirjinsa ya haɗu da sitiyari, bayansa ya taɓu, tun daga nan da sanda biyu yake tafiya. Kullum yana kan benci a garejin, duk wanda ya zo sai ya ba shi labarin. Yakan ce da ba don ƙarfen Yaya Bawa ba, da a buhu za a kwaso shi.

Bawa yakan yi murmushi ya ce Allah ne ya tsare. Har ransa ya yarda.

A 1998 Alhaji Rabi'u, mai kawo motoci daga Kwatano, ya sayo wa ɗansa Nura wata 'yar mota ja, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. An tsinci kaset ɗin bidiyo a aljihunta. Alhaji ya kira Bawa falonsa bayan azahar don su yi dariya tare.

A kaset ɗin Turawa ne suka zaunar da mutum-mutumi a irin motar, suka ɗaura masa bel, suka sake ta a guje ta daki bango. Gabanta ya naɗe kamar gwangwanin madara da aka taka.

“Ka gani ko?” in ji Alhaji. “Takarda suka saida man. Ka sa mata ƙarfenka, biyu ma, yaron nan ba ya jin magana in ya hau titi.”

Bawa bai yi dariya ba. An maimaito wurin a hankali, shi kuma ba gaban motar yake kallo ba. Wurin zaman yake kallo. Wurin bai ko motsa ba. Wata jaka ta kumburo daga sitiyari ta tari kan mutum-mutumin. Wani ya zo ya buɗe ƙofar da hannu ɗaya.

Bai ji ko kalma ɗaya ta yaren da ake yi ba, amma shekara ashirin yana riƙe da guduma. Ya san in ka daki kwano mai laushi, kwanon ke shanye dukan. In ka daki dunƙulen ƙarfe, dukan a wuyan hannunka yake dawowa. Motar Kamilu ba ta sha komai ba. To wa ya sha?

Kwana uku motar Nura tana garejin bai taɓa ta ba. In ya sa ƙarfen, ya san abin da ya sa. In ya ƙi, Alhaji zai tambayi dalili, dalilin kuwa ga shi nan zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Da wane baki zai faɗa wa Suwaiba? Ga kuma motoci fiye da talatin suna kai da kawowa a hanyar Bungudu da aikinsa a cikinsu.

Rana ta huɗu ya naɗe falankin kwano marar kauri, ya yi masa siffar bututu, ya shafe shi da baƙin fenti, ya liƙa.

Kamilu ya taso da sandunansa don ya sa albarka, kamar yadda ya saba. Ya ƙwanƙwasa bututun da sanda. Ya sake ƙwanƙwasawa.

“Yaya Bawa, ƙarfe ya ƙare ne?”

“Bai ƙare ba.”

“To mi ya sa wanga ke kuka kamar fanko?”

Bawa ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma. Can ya ce, “So nike in ta daki abu, ita ta ji ciwo, ba yaron ba.”

Kamilu ya daɗe yana kallon bututun. Ya dubi sandunansa. Sai ga Alhaji ya iso yana tambayarsa, shi da ya san daɗin abin, ko aiki ya yi, ko a ƙara wani.

“A bar ta haka, Alhaji,” in ji Kamilu. “Kar a ƙara mata komi.”

Bawa bai sake liƙa mai kauri ba. Tsoffin motocin kuwa, duk wadda ta shigo gyara, sai ya faki idon mai ita ya shiga ƙarƙashi da zarto, ya ci rabin bututun. Wasu ba su taɓa dawowa ba, kuma yakan tsaya ya bi su da ido in sun wuce a titi.

Kamilu bai daina zuwa bencin ba. Labarin ne kawai ya daina bayarwa. Direbobi kan tsokane shi ya ba su na 'Yandoto, sai ya ce ya manta, ya miƙa wa Bawa ƙullin gyaɗar ba tare da ya dube shi ba.