Sunan da Ya Kuɓuce wa Sadang

"Ni dai a samo mana wanda ya san kan ofis. Mun gaji da shugaban da sai an gama taro a birnin Koror zai tuna da ranarsa."

"Ofis ne zai jefa maka ƙwallo? Kai da sandar da ka iya riƙewa ita ce ta tsintsiya."

"To a ɗauko malamin nan mai tabarau, na birni."

"Ya kwashe wasanninmu ya kai can, mu zauna nan muna kallon kaji suna kiwo a fili?"

"Ai ko yanzu kajin sun fi 'yan wasanmu gudu."

Dariya ta tashi a gindin mangwaron, aka bi ta da tofar da jan yawun buuch, irin goron da suke taunawa, a cikin gwangwanaye. Haka ake yi kowace Lahadi bayan an taso daga coci, tun da kujerar shugaban ƙungiyar ƙwallo ta Ayu ta zama babu kowa. A can ƙarshen bencin akwai wani dattijo da bai yi dariyar ba. Yana zaune da hular ƙungiya da rana ta cinye launinta, ya ajiye jakar buuch ɗinsa a gefensa, a daidai wurin da mutum ɗaya zai iya zama. Shi ne Sadang.

Duk wanda ya girma a ƙauyen Ngiwal ya san hannun Sadang kafin ya san fuskarsa. Yatsunsa na dama sun karkace, kowanne ya kama gabansa, saboda shekarun da ya yi tsugunne a bayan mai bugu yana cafke ƙwallon yakiu, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda. A ranakun aiki kuwa shi ne direban kwalekwalen injin da ke kai mutane da kwandunan gwaza Koror. Da aka shimfiɗa kwalta, mutane suka koma mota, aka ja kwalekwalen aka kife shi a bakin ruwa, Sadang ya dawo gida. Bai yi ƙorafi ba, don a lokacin matarsa Umai tana nan, gidan kuma da motsi. Bayan rasuwarta ne ya gane cewa rediyo ba ya amsa wa mutum magana.

Ɗansu ɗaya ne, Kerai, yana tsibirin Guam yana aiki a tashar jiragen ruwa. Yakan kira, amma kiran ba ya tsawo. Ya tambayi gwiwa, ya tambayi ruwan sama, sai su yi shiru su biyun, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce to, sai an jima. Da can Umai ce ke cike wannan shirun.

Wurin da jakar take a kan benci na Masao ne, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya daɗe yana shugabancin Ayu. Shi ke neman 'yan wasa, shi ke zaɓen mai horarwa, shi ke zuwa birni ya yi ta ja-in-ja a kan ranakun wasa da motar da za ta kwashi yara. Ciwon suga ya ci ƙarfinsa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Koror kusa da asibiti. Tun ranar babu wanda ya zauna a wurin, Sadang kuma bai ɗauke jakar ba.

Duk wannan musun da ake yi a gindin mangwaro, kowa ya san iska ce. Filin yana kan ƙasar dangin su Umai, kuma tun ranar da aka fara share shi, matan dangin ne ke cewa ga wanda zai riƙe ƙungiya, kamar yadda suke zaɓen wanda zai riƙe sarautar gida. Su ke dafa abincin 'yan wasa, su ke wanke riguna, su suka san wanda ke sha da wanda ke dukan matarsa. Babbarsu ita ce Sechedui, yayar Umai. Maza suna da izinin surutu. Su ambaci baƙo, su ambaci wanda suka san ba zai samu ba, su yi ta zolaya. Abin da ba a yi shi ne namiji ya ambaci na gidansa. Sunan da ya fito daga bakin uba a bainar jama'a ya mutu ke nan, don matan ba za su yarda a ce sun bi bakin namiji ba.

Sadang ya san wannan kamar yadda ya san hanyar ruwa tsakanin duwatsu. Shi ya sa ya yi ta haɗiye abin da ke ransa. Kerai yana haɗa 'yan gida da ke Guam suna buga yakiu a ranakun hutu, ya iya magana da mutanen ofis, kuma ta wajen uwa ɗan dangin ne. In matan suka kira shi, ba zai iya cewa a'a ba. In uba ne ya ce ya dawo, zai ce aiki. Sadang har ya share ɗakin baya ya canza ragar taga, bai gaya wa kowa dalili ba.

Ranar da abin ya faru, Yutaka ne ya ja shi. Yutaka mai shagon man fetur ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya yi ta lissafa samarin Ngiwal da suka tafi waje, yana cewa duk wanda ya hau jirgi ya sha ruwan sanyi a Guam ya gama amfani, ko ƙwallo aka jefa masa sai ya nemi cokali mai yatsu. Sannan ya juyo wajen Sadang, ya kira shi da Rubak, yadda ake kiran dattijo.

"Rubak, kai ka yi shiru kamar kifi a kasuwa. Ko naka ma ya manta yadda ake tsugunno?"

Sadang ya ji bakinsa ya buɗe kafin ya yi shawara da shi.

"Kerai ya fi duk waɗanda kuka lissafa. Shi ya kamata a ba."

Wani ya duƙa yana gyara takalminsa, wani ya ɗaga gwangwani ya tofa ba tare da akwai abin tofarwa ba. Yutaka ya sosa ƙeya ya ce shi fa wasa yake yi. A ɗaya gefen filin, inda mata ke jera kwanonin gwaza da kifi a kan tebur, wata ta daina zuba abinci ta ɗago kai.

A makon nan kwanonsa bai fasa zuwa ba. Tun rasuwar Umai, Sechedui ke aiko masa da gwaza da miyar ganye. Amma da can kwanon kan zo da saƙo, ya gwiwa, ko ya zo ya duba mata famfo. Wannan karon murfi kawai. Ya ci a tsaye, yana kallon ƙofar ɗakin baya.

Da ya kasa jurewa, sai ya bi hanyar fadama da hantsi. Namiji ba ya shiga fadamar gwaza, don haka ya tsaya a kan gaɓa, ya cire hula. Sechedui tana cikin taɓo har gwiwa, ta ɗaure kai da tawul, ba ta juyo ba. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya yi maganar ruwan sama, ta ce ta gani. Sai da ta tumɓuke wani kan gwaza ta wanke shi a ruwan, sannan ta gaya masa, da murya irin ta mai ba da labarin farashin kifi, cewa sun riga sun zauna, kuma sunan Kerai ne ke hannunsu. Ita da kanta ta yi niyyar kiran yaron bayan Lahadin nan.

Sadang ya dafa bishiyar ayaba, ya kira ta da Mechas, yadda ake kiran dattijuwa.

"Mechas, ba a gyarawa?"

"Kai ka taɓa ganin an mayar da gwaza ƙasa bayan an dafa? Duk gari ya ji ka. In muka kira shi yanzu, za a ce matan gidanmu sun zama 'yan amshin mijin ƙanwarsu." Ta jefa gwazar a kwando. "Mu dai ba ma bin bakinka. Abin da ka ce a yi, ba za mu yi ba. Ka san wannan tun kana saurayi."

Ta koma aikinta. Ya daɗe a tsaye yana juya hular a hannu, yana maimaita maganarta ta ƙarshe. Ba ta fito fili ta faɗa ba, amma ta gaya masa duk abin da za ta iya: abin da ya ce kada a yi, shi za su iya yi.

Lahadi ta zagayo. Ya sa farar rigarsa ta coci, bai canza ba ya wuce fili. Mazan suka matsa masa da gaisuwa irin wadda ake yi wa mai zaman makoki. Aka fara musu a hankali, ana kauce wa Guam kamar rami a hanya. Sadang ya jira har matan suka gama jera kwanoni, ya ga Sechedui ta zauna a kan kujerarta ta roba. Sannan ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi, ya ɗaga murya yadda za ta haye filin.

Ya ce ya yi tunani, kuma ya janye maganarsa. Ya ce Kerai bai cancanta ba. Yaro ne mai saurin fushi, mai fara abu ya bari. Ya tuna musu shekarar da ya jefar da safar hannu ya fice daga fili ana tsakiyar wasa. Ya ce wanda ya bar uwarsa tana jinya ya koma bakin aiki ba zai tsaya wa 'ya'yan wasu ba. Wannan ta ƙarshen bai shirya ta ba. Ta fito ne daga wani wuri da bai san yana ajiye da ita ba, kuma da ta fito ya ji ɗacinta ya fi na buuch.

"In dai ina da ta cewa a garin nan," ya ce, "kada a ba shi."

"Haba, Rubak," in ji Yutaka a hankali. "Ɗanka ne fa."

Sadang ya zauna. Ya ɗauki jakarsa ya ɗora a cinya, ya kasa buɗe ta. A can gefe, wayoyi sun riga sun fito daga aljihu. Ngiwal da Guam ba su da nisa in maganar ba ta da daɗi.

Matan suka bar kwanaki suka wuce, don kada a ga gaggawa. Sannan labari ya fita daga fadama ya shiga shago, daga shago ya iso gindin mangwaro: sun kira Kerai, ya amsa, zai sauka kafin a buɗe kakar wasa. Mazan suka yi ta jinjina wa matan, suna cewa ka ga mata masu ra'ayin kansu, uban ma ya ce a'a sun ce i. Wasu suka daina zama kusa da Sadang. Yutaka ya ce shi dama tun farko Kerai ne a ransa.

Wayar Sadang kuwa ba ta yi ƙara ba. Ya kira Kerai, ta yi ta kuka har ta gaji. Ya sake kira washegari. Daga baya ya ji a bakin mai sayar da kifi cewa Kerai ya aiko a gyara masa ɗaki a gidan innarsa Sechedui, a can zai sauka.

Da safe ya shiga ɗakin baya ya buɗe taga don iska ta shiga, ya gyara shimfiɗar da babu abin da ya same ta. Sannan ya ɗauki hularsa ya bi hanyar fadama. Sechedui tana inda ya bar ta, kamar ba ta taɓa fita daga taɓon ba. Wannan karon ta juyo ta dube shi. Ta ce masa ya rame. Ya ce gwiwa ce. Ta ce tun yaushe gwiwa take rama fuska.

Ya san ba za ta iya gaya wa Kerai dalili ba, shi ma ba zai iya ba. In maganar ta fita, an koma gidan jiya, kuma kujerar da yaron bai ma zauna a kai ba za ta fara girgiza. Ya tsaya a kan gaɓa, yatsunsa karkatattu suna murza bakin hular.

"Mechas, ban ce ki faɗa masa komai ba. Ya zauna a wurinki, ɗanki ne. Amma kwanon nan da kike aiko mini, in ya iso, ki riƙa ba shi ya kawo. Ko a bakin ƙofa zai ajiye ya juya, ki dai ba shi ya kawo."