Yaya Sale da Ƙishirwar da Ya Raina

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, manomin shinkafa a fadamar Auyo, kuma har yau in na tuna shi, kewa da haushi ne ke zo mini tare.

Kogi ta bakin gonarsa yake wucewa, amma ya mai da jure ƙishirwa abin alfahari. Sai ya yini a rana yana zufa, in an miƙa masa ruwa ya ce ruwa na kashe jiki, a bari sai an tashi aiki. In bayansa ya riƙe, ya afa ƙwayar ciwon jiki ya ci gaba. Mu kuwa muna ta yabo, wai Sale ƙarfe ne.

Sai da ƙafafunsa suka kumbura muka kai shi asibiti a Haɗeja. Likita ya ce mana jini tamkar miya ne, ruwansa da gishirinsa da tsaminsa kowanne da ma'auni. In ruwa ya ragu gishiri ya yi yawa, sai jiki ya taso da ƙishirwa, ƙoda kuma ta riƙe ɗan abin da ya rage, shi ya sa fitsari ke yin ja. Bai ɗora wa ƙishirwa laifin duka ba, amma ya ce ƙodar da ake yi wa haka kullum, ga kuma ƙwaya, wata rana sai ta gaji. Ta Yaya ta gaji. Dogon numfashin da yake ja a kwanakinsa na ƙarshe, wanda muka ɗauka asma ce, ashe huhu ne ke fama ya rage tsamin da ƙoda ta kasa fitarwa.

Da yana raye, da ya ga injinan ban ruwa sun cika fadama, ana noman rani har cikin zafin bazara. Da ya yi murna, na sani, da kuma ya ƙara daɗewa a rana.

Habu, babban ɗansa da ya gaji gonar, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kwanan baya na same shi cikin garjin rana, leɓe a bushe, ga jarkar ruwa a inuwa ko buɗe ta ba a yi ba. Na ce ya sha.

"Gwaggo, Baba fa bai taɓa shan ruwa a bakin aiki ba."

"Na sani," na ce. "Ba ka nan ranar da yake roƙona rabin kofin ruwa. Jikinsa ya daina fitar da ruwa, likita ya ƙayyade masa, ni kuma na hana shi ƙari ina kuka."

Yaya ya bar mana gona da gaskiya da ƙin zaman banza, waɗannan a riƙe su. Wannan taurin kai kuwa ba abin gado ba ne, kuma na tabbata da zai iya magana da shi ne zai fara tsawata wa ɗansa. Allah ya jiƙansa.

Habu dai ya ɗaga jarkar ya sha, ko don ganin idona. Ni kuwa ba kullum nake zuwa gonar ba.