Na Kwance Kayan Babana Yana da Rai

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da 'yan kai. Na gama sakandare a Rufa'a, an tura ni koyarwa a makarantar 'yan mata ta Suki, kuma ni ce mace ta farko a ƙauyenmu da ta fara karɓar mahiya, wato albashi, a ƙarshen wata. Ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Ba ni da haƙuri, har yanzu ma ba wani mai yawa gare ni ba. In na ga abu a karkace sai in miƙe shi nan take, ba na tsayawa tambayar wanda ya ajiye shi haka ko yana da dalili. Ba zan faɗi sunana ko na ƙauyenmu ba. Waɗanda suka san mu za su gane, sauran kuma labarin ya ishe su.

Iyayena daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa, suna sabon aure, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare musu a bakin kogin da ƙauyenmu yake, suka tsaya su yi noma su tara su wuce, kamar yawancin mutanen ƙauyenmu. A nan aka haife ni. Amma ka tambayi kowane dattijo a garin, zai ce maka shi a kan hanya yake. Saboda haka a gidan kowannensu akwai kayan tafiya ɗaure a kusurwar ɗaki: akwatin ƙarfe ko ƙunshin fata, a ciki akwai harami, da buta, da takalma, da carbi. Mai kayan kaɗai ke taɓa igiyar. Sau ɗaya a shekara, bayan azumi, yakan kwance ya shanya, ya sake ɗaurewa ya sabunta niyya. In ka ga wani daban ya kwance igiyar, to mai ita ya rasu ne, 'ya'yansa sun fito da haramin za a yi masa likkafani. Na san wannan tun ina ƙarama. Kada wani ya ce rashin sani ne.

Baba ya fi kowa riƙo da abin. Dokarsa ita ce ba a shigo da abin da jaki ba zai iya ɗauka ba. Ɗakinmu na ƙasa guda ɗaya ma da ƙyar ya yarda aka gina, bayan ruwa ya rushe bukkoki biyu. A ciki babu komai sai angarib biyu, gadajen igiya ke nan, da tabarma, da ƙusoshin rataye tufafi, da akwatinsa, da ƙunshin Inna a gefensa. Duk wanda ya gina ɗakin jan bulo a garin sai Baba ya bi shi har gida ya tambaye shi ko ya fasa tafiyar ne. Shi da Inna sun yi alkawari tun ranar da suka bar gida cewa tare za su tsallake teku. Abin da ya riƙe su ke nan. Duk shekarar da aka tara, na mutum ɗaya yake isa, kafin na biyu ya cika sai ciwo ko fari ko auren wani ya cinye.

Abin da ya tunzura ni ƙarami ne. Wata abokiyar aikina, Balarabiya 'yar garin Madani, ta raka ni gida wata Juma'a. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana waige-waige, sannan ta tambaye ni da zuciya ɗaya ko tashi za mu yi, don ta ga an kwashe kaya. Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma ranar Asabar duk malamai sun ji cewa Fallata, sunan da Larabawan nan suke kiran irinmu da shi, ba sa zama a gida, tsugunawa suke yi. Na yi dariya tare da su, na koma aji ina jin kamar in fasa allo.

Da kaka ta yi, Baba ya bi yayana wajen Damazin aikin girbin dawa a manyan gonaki, kamar yadda suke yi kowace shekara. Suna juya baya na fara. Na sa aka yaɓe bango aka shafe da jir, farar ƙasa, fari tas, daga ƙasa zuwa ƙugu kuma na sa buhiya, fentin mai, shuɗi irin na ofishin shugabar makarantarmu. Na sayi gadon ƙarfe mai rumfa, da kujeru, da labule. Sai babban abin, dolab, kabad ɗin tufafi mai ƙofa uku da madubi a tsakiya. Kafintan da na kawo daga Suki ya auna ƙofarmu ya yi dariya, ya ce wannan ƙofa ta akuya ce, dolab ba zai shiga ba sai dai ya kawo katakon a warware ya haɗa shi a ciki da ƙusa da gam, kuma in ya haɗu ya haɗu ke nan, sai dai jikokina su gaje shi a wurin. Na ce masa abin da nake so ke nan.

Inna ta yi magana. Ba ta da yawan magana, amma ta yi. Ta ce in bari Malam ya dawo, ta ce fentin ma ya isa, ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Na ce mata in na jira Baba sai in tsufa a kan tabarma. Ranar da aka gama dolab ɗin na tsaya na dubi ɗakin, komai ya zauna daidai, sai akwatin nan mai tsatsa da igiyar kaba a kusurwa yana ɓata min gani. Inna tana gasa kisra, gurasar dawa, a waje. Na durƙusa na kwance igiyar. Wallahi ko allura ban yar ba. Na ninke haramin na jera a saman dolab, na wanke butar, na ajiye takalman a ƙasa, na sa maganin asu. Akwatin kuma na shafa masa ragowar fenti, na lulluɓe shi da ƙyalle mai ado na ɗora rediyo. Ƙunshin Inna ban kwance ba, a ƙarƙashin gado na tura shi. Da ta shigo ta ga igiyar a ƙasa sai ta yi salati ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Na ce mata camfi ne, igiya igiya ce.

Baba ya dawo da rana tsaka, da ƙura har gira. Ya tsaya a ƙofar ɗakin bai shiga ba. Ya dubi bango, ya dubi gado, ya daɗe yana duban kansa a madubi. Sannan idonsa ya sauka a kusurwa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya wajen Inna ya tambaye ta, a hankali kamar mai tambayar farashin gero, yaushe ya rasu ba a aika masa ba. Daga nan ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, kuma bai sake kwana a ɗakin ba.

Na ɗauka fushin kwana biyu ne. Ban lissafa da mutanen gari ba. Mata suka yi ta zuwa kallon dolab, kowace sai ta buɗe ta rufe ta dubi haƙoranta a madubi, kafin sati labarin igiya ya gama gari. A ƙofar masallaci wani tsoho da suka taho tare tun daga gida ya kama hannun Baba ya yi masa ta'aziyyar kansa, ya ce Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, jama'a suka fashe da dariya. Wanda Baba ya taɓa yi wa faɗa kan jan bulo ya ce a ba shi sunan kafintan, tunda yanzu an halatta. Wani ya ce ai Malam ya yi dabara, ya ga Makka ta yi nisa ya gina tasa da madubi. Yayana ne ya kawo min waɗannan maganganu, ya ce ustaza, wai ni malama, ta ji abin da ta saya. Baba ya daina zama bayan sallar la'asar, yana sallamewa sai gida.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, amma irin gyarana. Na mayar da kayan cikin akwatin na ɗaure na kai gabansa. Ya ce ƙullin da wani ya yi ba nasa ba ne. Na ce to a fitar da dolab ɗin. Muka gwada da yayana, ko motsi bai yi ba, sai an fasa bango. Baba ya ce kada a fasa, ɗakin ya yi kyau, ya dace da mazauna. Wannan kalma ta mazauna ce ta ƙona ni. Na tsaya a kansa, a gaban Inna, na ce masa shekara talatin a wuri ɗaya ba tafiya ba ce. Na ce ya shuka bishiyoyin da muke cin 'ya'yansu, ya binne 'ya'ya biyu a garin nan, in tafiya zai yi ya tafi, in zama zai yi ya bar mu mu zauna kamar mutane. Inna ta ce in yi shiru, ta kira ni da sunan da ba ta kirana da shi sai ranta ya ɓaci. Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce ta ƙyale ni, yarinyar gaskiya ta faɗa.

Bayan azumi ya sayar da rabonsa na dawa da awakinsa. Abin da ya samu na mutum ɗaya ne, kamar kullum. Na ce ya jira shekara guda in cika na Inna daga mahiyata, duk da na san na riga na zuba ta a katako da fenti. Ya ce ya jira da yawa. Inna ce ta ce masa ya tafi, ta yafe masa alkawarin, don ta ga ba zai iya ƙara shekara a garin yana sunkuyar da kai ba. Ya sayi sabuwar igiya ya ɗaure akwatin da hannunsa. Muka raka shi tashar jirgin ƙasa a Suki. Ya sa min albarka kamar yadda ya sa wa kowa, bai rage ba bai ƙara ba. Inna ba ta yi kuka a tashar ba. Ta riƙe masa buta har jirgin ya fara motsi sannan ta miƙa masa ta taga.

Alhazan da suka dawo ne suka kawo labari. Ya yi aikinsa cikakke, ya tafi ziyara Madina, zazzaɓi ya kama shi, a can aka binne shi. Garin duka ya zo, rabin ta'aziyya rabin barka. Tsohon nan da ya yi masa ba'a ya fi kowa kuka. Wasu mata har suka ce min ni ce sanadin alheri, da ban taɓa igiyar ba da a nan zai mutu bai ga Ka'aba ba. Wataƙila haka ne, Allah ne masani, kuma ina yi masa murnar inda ya kwanta. Amma ni na san yadda ya bar gidan. Mutum ne da 'yarsa ta kunyata shi a gaban tsaransa, ya tafi shi kaɗai ya bar matar da ya yi wa alkawari. Inna ba ta taɓa cewa laifina ne ba. Sau ɗaya kawai, tana tsince wake, ta ce ita ba Makkar ce ta fi damunta ba, ta so dai a ce da za ta ga teku yana kusa, don tana tsoron ruwa. Na tara kuɗin kujerarta daga baya. Ta ce in bar shi, gwiwoyinta sun ƙare, kuma ba ta san wa za ta bi ba.

Har yau ban yarda cewa fenti haram ne ba, ko kuwa dole mu zauna a kan tabarma har abada. Da na jira ya dawo, na zauna na ce Baba ga abin da nake so, da mun yi rigima, da ya ƙi, da Inna ta lallashe shi, ƙila a ba ni bango a hana ni dolab. Da duk mun rayu da hakan. Abin da na yi shi ne na shiga gidan mutum ba ya nan na yanke masa hukunci a kan rayuwarsa, na kuma kira shi gyara.

Ku 'yan'uwana da kuka yi karatu kuka fara karɓar mahiya, na san abin da kuke ji in kun koma gida kun ga ɗaki wayam, na san kunyar kawo baƙi. Ku saya wa iyayenku gado, ku shafa musu jir, ba na hana ku. Amma ku yi suna nan, suna kallo, suna da bakin cewa a'a. In kun ga wani abu tsoho a kusurwa yana ɓata muku tsari, ku tambaya, in an ce ku bari ku bari, ko da dalilin bai gamsar da ku ba. Ni dalilin bai gamsar da ni ba, kuma ina da hujja a kan kowace magana da na faɗa. Inna tana kwana ita kaɗai a ɗakin da ya fi kowane ɗaki kyau a garinmu.