Kaset ɗin Inna

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, motoci suka ragu a titunan Abuja, ita ce shekarar da mahaifiyata ta ji waƙarsu a cikin tasi. Daga asibiti muke, direba ya ƙure rediyo. Sai na ji ta damƙe hannuna.

Tun tana budurwa Inna ta yi amshi a wata waƙar soyayya da ta zaga Arewa. Su huɗu ne 'yan amshi, da mawaƙin, da makaɗa. A ƙarshen waƙar, bisa al'ada, mawaƙin yakan kira 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta amsa da guɗa. Inna ce ta ƙarshe. Duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ita kaɗai ta rage.

Abin da ke fita daga rediyon muryar marigayin ce, amma an ƙara mata sauri, an goge ta sumul, an ɗora mata kiɗan na'ura mai dukan ƙirji. Babu tarin da yakan yi kafin baiti na biyu. Da aka zo wurin kiran sunaye, ya kira uku, sai kiɗa ya haɗiye sauran.

"Ka ji?" in ji Inna. "An bar matattu, ni mai rai an cire ni."

Na ce, "Inna, yaran zamani ne, lokaci suke ragewa."

Daga ranar ta rage cin abinci. Ta sa aka ciro mata farin yadin likkafanin da ta sayo a Makka, ta ajiye a gefen gado. Waƙar kuwa ta bi mu ko'ina: shagon aski, gidan biki, wayar maƙwabta. Duk sanda ta taso, Inna takan kasa kunne har wurin kiran sunaye ya wuce, sannan ta juya fuskarta bango.

Kaset ɗin asali ɗaya ne a hannunmu, ni na rubuta sunan waƙar a jikinsa da ajami. Tun bara Inna ta kai shi wurin wani mai sayar da kaset a kasuwar Wuse, dattijo ɗan ƙauyen Paikon Kore, don ya juye mata a waya, ya yi alkawarin dawo mata da shi hannu da hannu. Na je na same shi. Ya ce lalle ya juye, masu haɗa kiɗa suka kwafa daga kwamfutarsa, daga baya aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone. Kaset kuma ya neme shi ya rasa.

"Oga, wallahi ban sayar ba. Gaya wa Mama ina nema."

Na gaya mata. Ta ce, "Ya yi sauri dai."

Azumi ya kama, jikinta ya ƙara tsanani, ko azumin ba ta iya yi. Wata ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama, sai ga dattijon, gumi sharkaf, rungume da tsohuwar rakoda. Ashe da ya ga baƙaƙen ajami a jikin kaset ɗin ya ɗauka karatu ne. Shi ba Musulmi ba ne, amma ya san girman abin, sai ya ɗora shi can sama tare da kaset ɗin tafsiri. Ranar nan wani mai saye ya ce a gwada masa ɗaya, sai kalangu ya tashi.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. "Mama, ga amanarki."

"Saka mu ji, ɗan nema."

Zaren ya saki, muryar tana jan ƙafa kamar daga cikin rijiya. Tarin ya zo a wurinsa. Mawaƙin ya kira ta farko, Inna ta ce, "Allah ya jiƙanki." Haka ta biyu, haka ta uku. Sai shuuu, dogon shiru, har na fara tsoron zaren ya cinye wurin. Can ya kira ta, wata yarinya ta rangaɗa guɗa.

Inna ta lumshe ido. Ta daɗe a haka, har dattijon ya dube ni.

"Ka cika alkawari," in ji ta. "Babu komai tsakaninmu. Ku zuba masa kunu, ni ma a sam mini."

Farin yadin dai ba ta bari an mayar da shi akwati ba.